Gwiwar da ta taɓa ƙasa

Ni na ɗauko shi daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, can ƙasar Larabawa, lokacin ina tuƙi a kamfanin da ke jigilar baƙi. Ɗan damben boksin ne, sananne a Ingila, can aka haife shi, amma iyayensa 'yan Lebanon ne, irin waɗanda muke kira Kwara a Kano. Turanci a bakinsa, Larabcin kuwa sai ya fusata yake fitowa. A mota na ji mai horar da shi yana cewa suna neman dogon mutum mai jure duka, wanda za a riƙa gwaji da shi kafin babban wasa. In ya yi, za su karɓi takardun zamansa, su tafi da shi duk inda za su.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce ina da ƙane.

Ƙanen nan nawa leburan gini ne, rana ta gama cinye shi, ga maigidan da ya riƙe masa iƙama, wato takardar zama, ba ya ko amsa gaisuwa. Amma a gida ɗan dambe ne na gaske, mahauta sun sha ɗaga shi sama. Da na gaya masa a ɗakinmu na unguwar Al-Suwaidi sai ya ce, "Yaya, in na bar ginin nan, an sake haihuwata ke nan."

Ranar gwaji aka sa masa safar hannu biyu, yana kallon ta hagun kamar an ɗaura masa tukunya. Aka fara. Wayyo! Mutumin nan ba ya duka ɗaya. Ciki, haƙarƙari, hanci, duk a numfashi guda. Jini ya wanke wa ƙanena riga, ina jin ƙarar kowane naushi a cikina. Shi ko ya miƙa hagu gaba yana karewa, dama na can baya tana jira, yadda ya saba. Can ya sake ta. Ta sauka a ƙasan kunne, sai ga zakaran Ingila ya yi taga-taga, gwiwarsa ɗaya ta dangwali ƙasa.

A dambenmu an gama ke nan. Wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, ba a ƙara ko yatsa. Ƙanena ya juya baya, ya ware hannuwa, ya ɗaga kai ya fara kirari.

Na yi ihu, "Kai, juyo!" Ya juyo kuwa, baki buɗe, daidai lokacin da wancan ya miƙe da hagunsa. Na ji muƙamuƙin ya karye tun daga inda nake tsaye. Haƙora biyu suka faɗo kusa da takalmina.

Mutumin ya durƙusa ya tallafi kan ƙanena, yana ta "Wallahi, ya ɗan'uwa, ban sani ba." Ya bi mu asibiti, ya tsaya a kan komai. Sai dai mai karyayyen muƙamuƙi ba ya aikin shan duka, suka ɗauki wani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ni na kai shi.

Da ya farfaɗo, an ɗaure masa baki da waya, na zauna ina neman yadda zan ce masa gini zai koma. Ya damƙi hannuna, ya matso maganar ta tsakanin haƙora.

"Yaya, ta taɓa ƙasa?"

Na ce, "Ta taɓa."

Ya lumshe ido, bai tambayi zancen aikin ba.