Mai Sa wa Karusa Waigi

A garin Patan, idan lokacin bikin jan karusar gunkin Bungadyo ya yi, kowa da yabon da yake samu. Ana yabon kafintocin da suka harhaɗa ta ba ƙusa ko ɗaya, ana yabon masu ɗaure dogon wuyanta har ya zarce gidaje masu hawa huɗu, ana yabon wanda ke tsayawa a gungumen gaba yana kaɗa hannu dubban mutane na ja da umarninsa. Bekhaman kaɗai ne ba mai yabo, don shi aikinsa tsayarwa.

Waigi yake riƙewa, wani ƙaton katako mai dogon mariƙi. Tafiya yake a sunkuye gefen ƙafar karusa ta gaba, ƙafar da ta fi mutum tsayi, idonsa a ƙasa. In karusa ta karkata za ta ci katangar wani, ko ta samu gangara ta fara gudu, sai ya cusa waigin a ƙarƙashi ta tsaya cik. Nan take samarin da suka sha giyar shinkafa suka ɗau zafi za su juyo da zagi, wai tsohon nan ya kashe musu wasa. Ran da kuwa ya makara da ƙiftawar ido aka rushe barandar wani, su ɗin dai ne za su ce ina mai waigi yake, barci yake yi? Yana da shekara ashirin da biyu ya karɓi aikin daga hannun ubansa, ya yi talatin da huɗu a kai, ya bar yatsu biyu na hannun hagu a ƙarƙashin ƙafar nan. Sauran watannin shekara yana zaune a shagon niƙansa yana niƙa barkono da gangamau yana atishawa.

Gunkin da ake wannan wahala dominsa ɗaya ne, ja, ɗan ƙarami, shi ke kawo ruwan damina. Amma sunansa ya fi a ƙirga. A gidan su Bekhaman, da yake 'yan Buddha ne, Karunamaya suke ce masa, wato mai tausayi. Matarsa Chirimaya daga gidan 'yan Hindu ta fito, ita Machindranath ta sani. Shekara talatin suna wannan musu a kan tabarma ɗaya, fure ɗaya suke kai masa, rana ɗaya suke dafa naman ɓauna su kira dangi.

“Naku mai tausayi ne kawai,” in ji ta. “Namu kuwa har ruwa yake saukarwa.”

“To ki ce wa naku ya riƙa tafiya daidai a titi, bayana ya gaji.”

Shekara biyu da suka wuce Chirimaya ta zame a bakin famfon dutse ta karya ƙugu. Ƙashin ya ƙi haɗewa. Tun daga nan tana kwance a hawa na uku, 'yarsu Sanu ce ke juya ta tana ba ta abinci. Gidan a cikin lungu yake, taku ashirin daga babban titi, kuma daga tagar da take kwance abin da ake gani na titin bai fi faɗin ƙofa ba. Bara karusa ta wuce ta wannan 'yar kafa kamar an hura iska. Ba abin da ta gani sai kawunan mutane da ganyen da aka lulluɓe wuyan karusar da shi. Ta juya fuska bango, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Matar da tun tana goye ba ta taɓa fashin ganin fuskar gunkin ba.

Bana da aka fara sassaƙa katakon karusa, Bekhaman ya ce mata, “In gunkin ya kwana a dandali, sai in goya ki mu je ki gan shi son ranki.”

“Ka gaji da ni ne?”

“Wace irin magana ce wannan?”

“Wa ka taɓa gani an sauko da shi daga gadon jinya ya koma sama? Uwarka ta koma? Yayana ya koma?”

Gaskiyarta ce. A gidajen nan ba a barin mutum ya cika a sama. In an ga ana saukowa da majinyaci ƙasa, maƙwabta sun san abin da ya rage. Chirimaya ta rantse ba mai taɓa ta da wannan tsani sai ranar da ba ta da bakin hanawa.

Saboda haka dabara ɗaya ta rage. Tun da ita ba za ta je ba, gunkin ya tsaya mata. Ba wani dogon tsayi ba, gwargwadon ta haɗa hannu ta faɗi abin da ke ranta. Kuma wa ke tsayar da karusa a duk faɗin Patan in ba mijinta ba? Sai dai Bekhaman mutum ne mai bin ƙa'ida har abin ya yi masa yawa. Wuraren tsayawa sanannu ne tun kaka da kakanni, bakin lungunsu ba ya ciki. Ya wanke rigarsa ya tafi neman izini.

Ya fara da babban mai hidimar gunkin, wani dattijon 'yan Buddha da ke zama tare da shi cikin ɗakin karusa. Dattijo ya saurare shi yana gyaɗa kai, har idonsa ya kawo ruwa.

“Abin tausayi. Shi kansa zai so haka, ai sunansa ke nan. Amma mu namu cikin ɗaki ne, wanka da abinci da fure. Tafiya da tsayawa lissafin taurari ne. Je ka ga Joshi.”

Joshi mai duba taurari ɗan Hindu ne, kuma kowa ya san shi a teburin mai shayi yana buga ƙirji cewa gunkin nan nasu ne tun asali, aro kawai waɗancan suka yi. Da Bekhaman ya durƙusa gabansa sai ga wani Joshi daban.

“Ni sa'ar tashi nake bayarwa, Bekhaman. Tsayawa ba ta cikin takarduna.”

“Ranka ya daɗe, can an ce naka ne.”

“Su suka ce? To ai gunkinsu ne, su ke kwana da shi. Ni wane ne?”

“Jiya a wurin mai shayi ka ce naku ne.”

“Wannan hirar shayi ce.”

Daga nan sai wurin masu shirya biki, inda ya wuni a benci kafin wani mai waya biyu a hannu ya leƙo. Wannan bai ma zauna ba. Ya ce a kawo takarda daga dattijo da takarda daga Joshi. Da Bekhaman ya ce kowanne ya tura shi wurin ɗaya, sai mutumin ya yi 'yar dariya.

“Baba, in muka tsaya maka, gobe duk tsohuwar da gwiwa ke damu sai ta aiko. Yaushe za mu isa? Ka ɗauki hoton karusar a waya mana ka nuna mata.”

Sau uku ya zaga wannan zagaye cikin mako biyu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba wanda ya ce masa a'a. Da an ce a'a da ya san inda zai sa fushinsa. Ranar rabon nama da ranar ɗaura rawani kowa mai gunki ne, har ana ture juna. Ranar da za a ce “na yarda” a ɗauki nauyin maganar, sai gunki ya zama maraya. Ya dawo gida ya zauna a bakin tsani, ya rasa wanda zai zaga, ya zagi injin niƙa.

Washegari da sassafe ya ce wa Sanu ta rataya jan ƙyalle a tagar uwarta. Ya fita babban titi da kurfi a aljihu, ya riƙa matsawa taku-taku har ya hango ƙyallen sosai ta tsakiyar lungu. A nan ya durƙusa ya yi wa dutsen titi 'yar alama. Bai gaya wa kowa ba sai Chirimaya.

“Za su kore ka,” in ji ta.

“Su kora. Bayana ya huta.”

“Tsoho da rigima.” Amma ta sa Sanu ta wanke mata kai ta shafa mata mai.

Ranar ja, an yi ruwa da hantsi, ƙasa ta yi laushi. La'asar na yi ganguna suka ɗauka, igiyoyi huɗu suka miƙe, karusa ta taho tana ƙara tana rangaji. Ratnakaji, mai ba da umarni a gungumen gaba, murya har ta dushe. Tafiya ta yi daɗi yadda ba ta yi ba tun farkon biki, titi miƙaƙƙe, ba gangara ba kwana. Bekhaman na gefen ƙafa a sunkuye. Ya ga alamarsa tana matsowa. Da ƙafar ta zo daidai kanta, ya cusa waigi da duk ƙarfin da ya rage masa.

Ƙafar ta hau katakon kaɗan, ta dawo baya, ta nutse cikin laka har kusan taƙi guda. Masu ja suka zube kan juna. Aka yi ta fama, aka kawo itatuwa aka tura, aka ƙara mutane a igiya, ko motsi. Rana ta yi ja, aka ce a bari sai gobe.

Ratnakaji ya diro ƙasa yana huci. “Kawu, me ka gani? Katanga ce ko mutum?”

Da ya ce ƙafa ce ta karkata, da ba mai musa masa, don ba wanda ya san ƙafar nan kamarsa. Amma ya ce, “Ba komai. Matata ce ke son ganinsa.”

Zagin da ya sha a wurin ba ya faɗuwa. Dattijon nan mai hawaye ya leƙo ya ce an keta alfarma. Joshi ya ce an ɓata sa'ar da ya ba da, in damina ta yi gardama a san wanda za a tambaya. Yau kam gunki ya samu masu shi har biyu, bakinsu ɗaya. Nan a tsakiyar titi aka karɓe waigin daga hannunsa aka miƙa wa ɗan ƙanensa, wanda ya karɓa yana kallon ƙasa. Bekhaman ya ji zafin abin har cikin ƙashi, amma a ransa yana cewa buƙata ta biya. Minti ɗaya ya nema, ga shi an ba ta kwana guda.

Ya hau tsani yana haki. Chirimaya na jingine da matashi biyu, fuska a taga, hannuwa a haɗe.

“Kin gan shi?”

“Na gan shi.”

“Sosai?”

“Sosai mana. Zauna ka sha ruwa.”

Sanu ce ta ƙi haɗa ido da shi. Ya dube ta, ya dubi uwar, sai ya durƙusa ya sa kansa daidai inda nata yake a kan matashi, ya kalli waje.

Ƙafar karusa ce ta cika kafar lungun, ƙatuwa, da fentin ido a jikinta da laka. Bayanta ɗan gefen katako. Ɗakin da gunkin ke zaune yana baya da ƙafar gaba da kamu uku, katangar maƙwabci ta rufe shi ɗungum. Bekhaman ya yi alamarsa ne a inda shi yake tsayawa. Shekara talatin da huɗu yana auna karusa da ƙafarta, bai taɓa ɗaga kai ya ga inda mai karusar yake zama ba.

Ya daɗe a haka bai motsa ba. Don takaici ya ji kamar ya buga kansa da bango. Gobe za a ciro ta, wani ne zai riƙe waigi, ba kuma wanda zai tsaya bayan kamu uku. Za ta wuce kamar bara.

“Me ya sa kika ce kin gani?”

“To me zan ce? Na ji abin da suka yi maka, har nan ake jiyowa.”

Ƙamshin turare na shigowa daga titi, matan unguwa sun fara fita da fitilun mai da tiren fure, tun da baƙo ya sauka a ƙofarsu ba zato. Chirimaya na jin sawunsu a ƙarƙashin taga.

“Sanu,” ta ce, “ɗauko mini baƙin zanen nan mai jan baki.”

“Na me?” in ji Bekhaman.

“Da wannan tsumman zan je gabansa?”

Sai a lokacin ya gane sauka take nufi. Shi da ya yi ta roƙo a bar shi ya goya ta, yanzu shi ne ya tare bakin tsani.

“Ba inda za ki. Baɗi ma rana ce, zan san yadda zan yi.”

“Da wane waigin? Kai ka tsayar da shi a ƙofar gidana, sa'an nan in bar shi tsaye a titi ban fita na gaishe shi ba? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Juyo bayanka.”

Sanu ta ɗaura mata zanen tana share hanci. Bekhaman ya durƙusa, aka ɗora masa ita, ya ji ba nauyi ko kaɗan, abin da ya fi komai tsorata shi ke nan. Ya fara sauka da baya, taka ɗaya-ɗaya, hannunsa mai yatsu uku na riƙe da katako, numfashinta a wuyansa. A hawa na biyu ya tsaya.

“Mu koma, Chirimaya.”

“Sauka.”

Matar maƙwabci na tsakar gida da tirenta. Da ta ɗaga kai ta ga wadda ake saukowa da ita, sai ta ajiye tiren ta ɗora hannu a ka, ta buɗe baki za ta rusa kuka.

“Ke, rufe mini baki,” in ji Chirimaya. “Biki za ni. Ba ni furen nan biyu, ban tsinko nawa ba.”