Motar Baba Mai Shan Mai a Tsaye

Bana shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bello tela, amma tsohuwar bas ɗinsa tana nan a tsakar gidanmu na Bodinga. Shi ya cire mata kujerun baya, ya ɗaure keken ɗinki, ya shimfiɗa katifa, ya ajiye risho. A cikinta yake ɗinki ranar kasuwar Shagari, a cikinta yake kwana in aiki ya kai shi Lambara. Mu 'ya'yansa mukan tsokane shi cewa ya fi sanin tarin motar nan a kan namu. Dariya kawai yake yi, bai taɓa musantawa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kanikawan yanzu suna jona wa mota na'ura ta faɗa musu ciwonta. Shi tafin hannu yake ɗorawa a jikinta, ya sunsuni hayaƙin salansa, ya yanke hukunci. Yakan yi kuskure, ba na ɓoyewa, amma ko a kuskuren da ƙarfin gwiwa yake magana.

Bara motar ta rikice. Yayana Sani, wanda ke ɗaukar albasa da ita jefi-jefi, ya ce silonta, wato kukan injinta in tana tsaye, ya lalace: ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi kakari kamar za ta mutu. Ga shan mai na fitar hankali. Ya zuba, ya ajiye ta, ya dawo ya tarar tanki ya yi ƙasa. An canja fulogi, sun sake yin baƙi ƙirin. An wanke kafireta, a banza. Sani ya gaji, ya ce sayar da ita zai yi ga masu sayen ƙarfe. Mahaifiyarmu, Inna, kuwa sai ta daina cin abincin kirki. Shi ya sa na baro gidan mijina a Shagari na zo.

Na roƙi Sani ya kira Mamman, tsohon bakaniken Baba, kafin a yi ciniki. Mamman ya kwance fulogi ɗaya, ya murza baƙin a yatsa, ya duba ƙarƙashin mota bai ga yoyo ba.

"Wa ka tada wagga mota in ba kai ba?" ya tambayi Sani.

"Babu kowa."

Sai muka ji Inna daga bakin ɗakinta: "Ni ce."

Ashe kullum in gida ya watse da safe, sai ta ɗauko makulli, ta hau, ta tayar da ita, ta zauna tana saurare har ranta ya yi sanyi. Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba!

"Inna, gwada mani yadda kike yi," in ji Mamman.

Ta ja cok, ɗan maɓallin da ke ƙara wa inji mai in yana da sanyi, ta murza makulli, ta naɗe hannu. Mota ta ɗauki ruri.

"To, ba ki maishe shi ciki?"

"Haka nig ga Malam na yi."

Gaskiyarta. Shekara da shekaru tana ganinsa yana jan cok ɗin nan yana fita, amma sai ya hau titi inji ya yi zafi yake mayar da shi, inda idonta bai taɓa kaiwa ba.

Mamman ya sa sababbin fulogi, ya bar inji ya ɗumama, ya kama yatsanta ya tura cok ɗin a hankali. Rurin ya kwanta, motar ta koma wani gunji mai laushi, daidai wa daida. Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Wanga kukan dawowatai ne," ta ce. "Haka take yi in ya iso da marece."

Sani bai sake maganar ciniki ba. Ya fita waje, ya daɗe bai shigo ba.

Baba bai bar mana gona ko shago ba, kuma rigunan da ya ɗinka sun fara yagewa a jikin masu su. Ina kewarsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Amma na gode wa Allah da motar nan ta yi ciwon da ta yi. Shekara biyar Inna tana sauraron fitarsa kowace safiya. Yanzu ta canja lokaci, sai bayan la'asar take ɗaukar makulli.