Dunƙulen da ke ƙarshen maratayi

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ranar da maƙwabcina ya faɗa ramin kuza tana nan daram, ba inda za ta. Ni tela ne, amma ba na riga da wando ba. Jakunkuna da tamfol nake ɗinkawa a wani ɗan shago a Tudun Wada da ke Jos, farauta kuwa ita ce jarabata. Abokin tafiyata daji shi ne wannan maƙwabcin, haifaffen Kabong, ƙato mai faɗin ƙirji da yawan surutu. Sarkin Baka nake ce masa don tsokana, domin ya fi iya saɓa bindiga a kan harba ta. Shi kuma Oga Tela yake ce mini.

Wata rana ya shigo shago yana taƙama da sabon maratayin bindiga da ya sayo a kasuwa, irin wanda ake ja ya ƙara tsawo ko ya ragu. Kyau kam ba a magana, ƙarafunansa sai ƙyalli. Na ɗauko mayen ƙarfe na kara a ƙugiyar, bai kama ba. Na ce masa wannan ba ƙarfe ba ne, kwalliya ce. Ya ce hassada ke damuna. Damina ba ta yi nisa ba ƙugiyar ta ɓalle yana tsallake rafi, bindigar ta nutse a laka. Na sha dariya har da hawaye, sannan na ce bari in yi mana namu.

Na je wurin masu tsofaffin kayan mota na zaɓo bel ɗin kujera. Na sa maƙeri ya lanƙwasa mini zobba da ƙugiyoyi na ƙarfen gaske, kowane zobe aka like bakinsa da walda. Na ɗinke da zaren nailan, ɗinkin akwati mai gicciye a ciki, na yi ta maimaitawa har keken ya fara kuka. Inda na fi ɓata lokaci shi ne wutsiyar bel ɗin. Na naɗe ta, na sake naɗewa, na ɗinke ta zama dunƙule, don ko an ja maratayin har ƙarshe kada ya zare daga ƙarfen da ke daidaita tsawonsa.

Da ya gani sai ya taɓe baki. "Oga Tela, wannan ai igiyan ɗaure saniya ne. Kuma wannan ƙullin yana buga ni a haƙarƙari. Ba ni almakashi in yanke shi."

Na ce, "Ka yanke shi, ka nemi wani telan."

Ya ga da gaske nake, ya haƙura, amma duk inda muka zauna sai ya yi mini gori a kai.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, da hantsi, ciyawa ta kai ƙugu. Duk ɗan Jos ya san ramukan da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari, masu ƙaramin baki da zurfi kamar rijiya. Yana gabana yana zuba mini labarin wani zomo, sai labarin ya yanke. Na ɗaga kai ban ga kowa ba, sai bindigarsa yashe a kan ciyawa.

Na rarrafa na leƙa. Yana maƙale a kan wani ɗan tudu a jikin ramin, ƙasa tana zaizayewa daga ƙarƙashin ƙafarsa tana faɗawa ruwa can ƙasa. Na san bai iya iyo ba. Waya ba sabis, gari da nisa, igiya kuma ba mu da ita. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni.

"Oga Tela," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "idan ban fita ba, ka gaya wa maman yara..."

"Kai za ka gaya mata da bakinka. Riƙe bangon nan."

Na cire harsasai, na kwance maratayan bindigoginmu, na ja kowanne ya yi tsawo, na haɗa ƙugiyar ɗaya da zoben ɗaya. Akwai kututture a bakin ramin, na zagaya gefe guda a jikinsa na saƙale, na zura masa ɗaya gefen. Da ƙyar yatsunsa suka kai. Yana naɗawa a hannu tudun ya rufta, ƙaton nan gaba ɗayansa ya koma kan ɗinkina.

Ina kallo ragowar bel ɗin ta zame ta cikin ƙarfen da gudu. Na yi salati, shi ma na ji yana kiran Yesu. Sai dunƙulen ya zo ya cije a bakin ƙarfen, ya tsaya cak. Ƙugiya ba ta buɗe ba, zobe bai wage ba. Na tokare ƙafa da kututturen ina ja, shi yana laluben matakan da mahaƙa suka sassaƙa a bango, har kansa ya ɓullo, laka har kunne.

Bayan mun dawo hayyacinmu na ɗauki maratayan na bi su zare-zare da yatsa. Ko ɗinki ɗaya bai tsinke ba. Na yi godiya ga Allah, amma kuma, in faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Tun da nake taka keke ban taɓa jin daɗin sana'ata irin na ranar ba.

Washegari matarsa ta zo shago da kwanon acca da dankali. Ta fara godiya, kuka ya ƙwace mata, ta ajiye ta juya. Bara kuma suka aurar da babbar 'yarsu. Ina tsaye cikin 'yan biki na ga shi ya riƙo hannunta, yana tafe yana baza ƙirji.

Abin da na koya shi ne, mai sana'a bai san ranar da ran wani zai rataya a kan aikinsa ba. Shi ya sa ko hannun jakar ɗan firamare aka kawo mini, nakan ɗinke shi kamar uban wasu ne zai riƙe.