Zanin da Aka Ƙullo Daddawa

Ko na tsufa har na manta sunayen ƙawayena, ba na jin zan manta daminar da aka kawo ɗan Yayata yaye gidanmu a Kademi. Ina hutun makaranta a lokacin, don haka a ɗakina aka shimfiɗa masa 'yar katifa, daf da tawa.

Da rana lafiya lau yake. Ya bi 'yan tsaki, ya sha kununsa, Inna tana tsokanarsa: "Kai Maigida, haka ake zuwa wurin mata, ko cefane babu?" Ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Amma da dare ya raba sai ya zabura zaune, ya kurma ihu, ido buɗe, jiki sharkaf da gumi. Yana kallona, amma ba ni yake gani ba. In na rungume shi ya ture ni, in muka jijjiga shi don ya farka abin ya ƙaru. Gari na wayewa kuma sai ya tashi yana neman ƙosai, bai ma san an yi ba.

Inna ta yi tofi, ta yi masa hayaƙi. Yaro dai ya fara ramewa. Na ce a mayar da shi wurin uwarsa.

"A mayar?" in ji Inna. "Yana ganinta zai koma nono, wahalar ta tashi a banza."

Ita kuwa Yaya tana can Gafasa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, balle ta tambayi lafiyarsa. In ta bugo waya sai ta tambayi ruwa, ta tambayi gero, har akuyar Inna. Ran nan na kasa haƙuri, na ce, "Yaya, akwai fa wanda ba ya barci." "To, Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta kashe.

Kashegari sai ga mijinta a babur da saƙon daddawa. A tsohon zani aka ƙullo ta, wanda Yaya take goyo da shi.

"Ji min yarinyar nan," in ji Inna, "duk ledar Gafasa ta rasa, sai zani ko wanki babu?" Sai ta kau da kai, ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙo min. "Ungo, kai ɗakinki."

A daren nan, da ya zabura ban tashe shi ba. Na yafa masa zanin a kafaɗa, na zauna gefensa ina karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Ya yi kukansa, can sai ya damƙi bakin zanin, ya cusa fuska ciki, ya koma ya kwanta. Firgitar ba ta tafi dare ɗaya ba, amma ta riƙa ja da baya kamar ruwan ƙarshen damina.

Da yaye ya kammala aka zo aka ɗauke shi, har da zaninsa. Yanzu ya kusa kamo ni tsawo, in na ba shi labari dariya yake, ba ya tuna komai. Ni ce har yau in ruwa ya sauko cikin dare nake lalubar gefena.

Daminar nan ta koya min cewa wanda ya firgita ba jijjiga yake buƙata ba, a zauna kusa da shi kawai. Kuma ƙaunar da kunya ta hana baki furtawa ba ta rasa hanya, ko da a ƙullin daddawa ne.