Barira ta Cadawa da Keken da Ya Sha Man Gyaɗa

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Barira a garin Sae Sabuwa da daminar shekarar 1929. Mahaifinta Gado manomi ne, mahaifiyarta Tala kuwa sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Barira ba ta shiga lakol ba, wato makarantar boko. Ta yi karatun allo har izu biyu, sauran iliminta a gindin turmin mahaifiyarta ta same shi. Tun tana ƙarama an san ta da dogon tunani, domin takan tsaya da tulu a ka tana kallon gajimare har sai an aiko kiranta.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1946 aka ɗaura aurenta da Iro, telan Cadawa, wanda ya koyi ɗinki a Katsina ya dawo da keken hannu guda, baƙi mai zanen ruwan zinariya. A zaure yake aiki, ita kuma tana jin ƙarar daga cikin gida kamar yayyafi a bisa ganyen dawa. Ya koya mata ɗinkin rigunan yara, amma buɗe cikin keke, wannan kam bai taɓa yarda ba. Kowace safiyar Juma'a yakan turo ƙofar zaure ya yi masa hidima shi kaɗai. Allah ya albarkace su da ƴaƴa huɗu.

Takaba

A watan azumi, Maris na shekarar 1960, sanƙarau ya kama Iro, kwana uku ya rasu. Barira ta shiga takaba, aka mayar da keken ɗakinta. Saboda tsananin kewa, kowace Juma'a sai ta yaye masa zane ta ɗiɗɗiga masa mai a kowace kafa, kamar yadda ta tabbata marigayi yana yi. To wane mai ɗiyar Tala ta sani? Man gyaɗa mana, na matsar farko, wanda take shafa wa jaririyarta. Kaico! Wata huɗu da kwana goma keke yana sha, man yana kamawa da burbushin zare, har ya zama danƙo.

A ƙarshen watan Yuli, da ta fita takaba, Labo wan marigayi ya zo daga Agiye. Ya kama mariƙin keke ya juya, ko motsi. Ba da mugunta ba, ya yanke shawarar cewa Barira ta koma gidan mahaifinta da ta goye, maza biyu su bi shi Agiye, babbar mace a kai ta wurin gwaggonta a Gazawa.

“Keke ya bi mai shi,” in ji Labo. “Da me za ki ciyar da su?”

“Yaya, ka ba ni kwana bakwai,” ita ce amsar da ta bayar.

Gyaran Keke

Kwana biyu tana zaune gaban keken ba ta taɓa shi ba, maƙwabta suna cewa a yi masa hayaƙi, wai kewar mai shi yake. Da hantsin rana ta uku tana zuba wa fitila kananzir, warin ya daki hancinta, sai ta ga Iro tsaye a bakin zaure ran Juma'a yana goge yatsunsa da tsumma. Wannan warin ne a hannunsa duk Juma'a, shekara goma sha huɗu! Ta yi kuka, sannan ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu.

Da bakin wuƙa ta kwance kusoshi, tana jera su a faifai bisa tsarin da ta cire su, don kada ta ɓata wajen mayarwa. Ta cire allura da kwarkwaro, ta ɗaga farantin da ke rufe haƙora, ta tarar da danƙo ya cika ko'ina. Ta jiƙa shi da kananzir, ta bi lungu-lungu da gashin kaza, ta bar shi ya kwana, ta maimaita. A akwatin marigayi ta sami ɗan gwangwani mai dogon baki, wanda a da ta ɗauka maganin kunne ne, alhali shi ne man keke. Ɗigo ɗaya-ɗaya ta sa, mariƙi ya juya.

Amma fa ɗinki ya ƙi kamawa, zare sai tsinkewa. Yini guda ta yi tana fama, kafin ta lura allura ta mayar a juye. Ta gyara mata zama, ta sake ɗora zare. Ranar da wa'adi ya cika, Labo yana shigowa zaure ya ji yayyafin nan na ƙaninsa. Da yamma shi kaɗai ya koma Agiye.

Aikin farko da ta karɓa daga malamin lakol ne: tutar sabuwar ƙasa, ruwan lemo da fari da tsanwa, da rana a tsakiya. An ɗaga ta a Cadawa a bikin samun ƴancin kai, ranar Laraba, 3 ga watan Agusta, 1960. An ce ranar da ke tsakiyar tutar ta ɗan karkace, amma babu wanda ya kula.

Sauran Shekaru

Shekara talatin ta yi tana ɗinki a ɗakinta, kuma matan da suka mallaki keke daga baya wurinta suke kawowa. Ba ta karɓa ta gyara musu. Takan miƙa wa mace gashin kaza da faifai, ta zaunar da ita ta buɗe abinta da hannunta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, a watan Satumba na shekarar 1996, aka yi mata sutura bayan la'asar a maƙabartar Cadawa, kusa da Iro. Ta bar ƴaƴa huɗu: Abdu da Salisu, waɗanda ba su je Agiye ba, Zainaba, wadda ba a kai Gazawa ba, da Fadimatu, wadda keken yake hannunta. Dukansu a gida ɗaya suka girma, a akushi ɗaya suka ci tuwo. Allah ya jiƙanta da rahama.