Randar Ƙofar Gida

Ko yau na ga fenti a jikin tukunya sai abin nan ya faɗo mini, kuma ba na jin zan manta shi har in koma ga Mahaliccina. Shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu da kasuwanni ne, azumi kuma ya faɗo a tsakiyar zafi.

Jikoki sun cika gida, babu boko babu islamiyya, sai faɗa. Autata, da ta dawo daga makarantar kwana, ta ce a ba su aikin yi. Muka fito da tsofaffin tukwane da kasake daga bayan ɗaki, ta samo ragowar fentin mai. Wannan ya zana kifi, wancan ya yi wani abu ya ce raƙumi ne. Uwargida na yi musu zanen lalle, ni kuma ina rubuta wa kowa sunansa da ajami a wuyan tukunyarsa. Suka roƙe ni in sa aya, na ce sunan Allah ba ya hawa abin da ake girkewa a ƙasa.

A ƙofar gidanmu akwai randa da muke cikawa sadaka tun zamanin mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta. Maƙwabta da masu wucewa da ruwanta suke buɗa baki, don ba kowa ke da kuɗin ƙanƙara ba. Wata rana na tafi sharar gona wajen Dutsi, na dawo na tarar an shafe ta da shuɗi tun daga baki har gindi, ga furanni. "Baba, ya ka gani?" in ji auta, tana ta murna. Na ce ta yi kyau, amma na san an yi ɓarna. Randa sai ta yi gumi take sanyaya ruwa, su kuwa sun toshe mata kowace kafa.

Aka kira magariba, wani dattijo maƙwabcinmu ya kurɓa ya dube ni. "Malam, shayi aka koma rabawa? To ina sukarin?" Aka yi dariya, amma kashegari mutum biyu kaɗai suka zo. Muka kankare, muka goge da yashi, man ya riga ya shige ta. Ga kasuwa a rufe. Sadakar tsohuwa na neman yankewa a hannuna, a watan da aka fi bukatarta.

Sai na tuna taubashina na garin Babban Mutum, ɗan kawuna. Muna samari ya taɓa fasa wa mahaifiyata randa da ƙafar keke, ya rantse zai biya, tun daga nan kuma duk haɗuwarmu sai na yi masa tuni. Na buga masa waya na ce, "Kai maci amana, yau ranar biya ta zo." Ya ce, "Bawana, randar da ta girmi 'ya'yanka kake bi har yanzu? Talauci bai yi ba!"

Bayan kwana biyu sai ga shi da hantsi a kan babur, ya biyo ta hanyar gonaki, ya ɗaure randa cikin ciyawa kamar mai goyon jariri. Maƙwabciyarsa maginiyar tukwane ce, wajenta ya samo ta. Ya sauke ta, ya share gumi, wasan ya bar fuskarsa. "Gwaggo ta rasu ban cika mata alkawari ba. A sa mata wannan." Muka yi mata addu'a a tsaye, na ce na shaida ya fita.

Yara suka yi wa sabuwar ado da jar ƙasa da farar ƙasa, a wuya kaɗai, na rubuta "Ruwa na kowa ne". Shuɗiyar kuma muka huda ta muka dasa zogale. Da magariba dattijon nan ya shanye moɗa biyu ya yi hamdala.

Tun ranar na riƙe cewa duk adon da zai hana abu aikinsa ɓarna ce, kuma alkawari ba ya ruɓewa, ko an binne wadda aka yi wa shi.