An Ce Auwalu Gajimare Ne

Yaya Asabe, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba. Kin san an ɗauki Rukayya a irin aikin da yayanta marigayi Auwalu ya yi, ta kuma ce ba za ta hau jirgin ruwan ba sai na amince. Jibi za ta ba su amsa.

Ban taɓa gane aikin nan sosai ba. Abin da ya gaya mini shi ne, tauraron ɗan'adam yana leƙen teku daga sama, yana auna hayaƙi da gishirin da ke yawo cikin iska, ƙanana ƙwarai. Su kuma suna tsayawa a kan jirgi su saita wata na'ura a rana, don a tabbatar tauraron bai yi kuskure ba. Ya ce duk inda tauraron ya ga fari fat, yakan ɗauka gajimare ne, sai a cire wurin, ba a auna shi. A kan jirgin nan zazzaɓi ya kama Auwalu, ya cika kafin su kai gaɓa.

A mafarkin ina shanya a tsakar gida, sai kawai na ga siminti ya koma ruwa, baƙi wuluk, babu iyaka. Ina tsaye a kan jirgi, rana tsaka, ba iska, ba motsi. Ga Auwalu can gaba ya juya mini baya, ya ɗaga na'urarsa da hannu biyu. An naɗe shi da farin ƙyalle tun daga kafaɗa har ƙasa.

Na ce, "Auwalu, ka ci abinci kuwa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Umma, matsa kaɗan, kin tare mini rana."

Sai wani abu ya taho ta sama a hankali, ba fuffuke, ba ƙara. Wata murya ta fito daga cikinsa, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, tana faɗin abin da ta gani: nan hayaƙi, nan gishiri, nan gishiri. Da ta zo kan Auwalu sai ta tsaya. Ta ce, "Gajimare. A cire."

Na ce ba gajimare ba ne, ɗana ne, ni na haife shi. Inda yake tsaye ya zama fili, ko inuwa babu. Na'urar ta rage a iska, tana kallon rana.

Sai kawai na ga hannu ya kama ta. Rukayya ce, cikin farin hijabinta na salla, tana dariya tana cewa, "Umma, kin ga na iya?" Abin nan na sama ya juyo. Na cire mayafina mai duhu don in rufe ta, amma ya jiƙe, ya yi nauyi, na kasa ɗaga shi. Muryar ta fara daga ƙarshen jirgin: nan gishiri, nan hayaƙi. Saura taku uku ta iso kanta.

A nan na farka, ana kiran assalatu, Rukayya tana taɓa ƙafata tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau.

Yaya, ban gaya wa kowa ba sai ke. Gargaɗi ne aka yi mini in hana ta, ko kuwa tsorona ne kawai yake neman tare wa yarinyar nan hanya? Me zan ce mata jibi?